Takardun Kare Sun Cika

"Na kare ka duba sau uku, nawa ko sau ɗaya!" in ji wata tsohuwa ga mijinta.

A bakin iyakar Botswana muke, motarsu mai gado da kicin tana gefen tamu. Na sauke gilashi, don ba na son labari gutsure.

Wata biyu mijin ya yi yana haɗa takardun allurar karensu. Fasfon matarsa kuwa ya mutu tun bara.

Jami'in ya ce, "Baba, kai da kare ku wuce. Mama ce ba za ta shiga ba."

Tsohon ya dubi kare, ya sosa ƙeya. "Haba tsohuwa, sati biyu ne fa. Akwai bas mai komawa gida."

Shekara arba'in da aure! Na gyara zama ina jiran kuka.

Ina! Takardun motar ta zaro, ta cusa a jaka.

"Da sunana aka saye ta, ba ta tsallakawa sai da ni. Ku taka, ai ƙafa shida gare ku."

Ta sauka, ta bugo ƙofa har tukwane suka amsa.