Harsashi a Aljihun Wanki

Angustias ta tsinci harsashin ne a aljihun wani wando, tana shirin tsoma shi a ruwa. Nauyinsa kaɗai ya gaya mata ba na wasa ba ne. Shekara shida tana yi wa 'yan fim ɗinki da wanki a hamadar Tabernas, ta san na ƙarya: bakinsa a murɗe, ƙara ce kawai da hayaƙi. Wannan kuwa kan dalma gare shi, irin wanda Italiyawan da ke ɗaukar fim ɗin ke harbin kwalabe da shi ranar Lahadi. Jarumin fim ɗin ma an ce bai taɓa kuskuren kwalba ba.

Ta saka shi a aljihun da carbinta yake.

Finafinan nan duk hanyarsu ɗaya. A kashe wa mutum ɗan'uwa, ya ɗaura bindiga a ƙugu, ya bi makasan ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ya hau doki ya tafi zuciyarsa fes. Da can dariya abin ke ba ta.

Bara waccan ta daina dariya. Babban ɗanta Fulgencio mai faɗowa ne: a harbe shi, ya rikito daga rufi kan tulin kwalaye, ya miƙe yana karkaɗe wando. Ranar nan darakta ya ce kwalayen suna fitowa a hoto. Baldomero, shugaban masu faɗowa, ya ja su gefe taku biyu. Daga baya ya rantse ya faɗa wa yaron. Ba wanda ya ji lokacin da ya faɗa. Fulgencio ya faɗo kan tsurar ƙasa, bai tashi ba. Faɗuwar ta yi kyau, aka bar ta a fim ɗin.

Limamin coci ya ce mata ramuwa ta Allah ce. Ita da ta koyi karatu da kanta a tsohon littafin addu'a, sai da ta bi layin da yatsa ta tabbatar. Haka aka rubuta. Ta jira shekara biyu. Baldomero sai ƙiba yake ƙarawa, bana ma shi aka ba matsayin mugu a fim ɗin, da baƙar kwat da hula mai faɗin baki. Ɗingishin da ya fara kwanan nan kaɗai ta gani, kuma bai ishe ta ba.

Ɗa ɗaya ya rage mata, Eusebio. A bakin kabarin wansa ta sa ya rantse ba zai taka garin katakon 'yan fim ba. Dakon gangunan inabi yake a tashar jirgin ruwa. Da safen nan ta ga yana miƙa hannu da ƙyar wajen ɗaukar gurasa.

"Me ya sami kafaɗarka?"

"Ganga ce, Inna. Inabin bana ya fi zunubin magajin gari nauyi."

"Rufa mana baki, marar kunya. Kuma warin doki kake."

"Alfadarin tasha ne, ya maƙale mini. Ko in kawo miki shi suruki?"

Ta kai masa duka da tsumma, ya kauce yana dariya, ya sumbaci goshinta ya fita.

A rumfar ɗinki mai kula da tufafi ta jefo mata baƙar kwat ɗin.

"Rage ƙugun yatsa huɗu, Uwa. Yau ne harbin ƙarshe."

"Ɗaure wa Baldomero tumbin za ku yi?"

"Ke dai ɗinka."

Ta ɗinka. Ko magwaji ba ta ɗauka ba, allurar na tafiya kamar ta san hanya.

Da azahar aka kawo ɗamarar jarumi, kuben ya ɓarke. Bindigar na ciki, an riga an ɗura ta. Mai kula da makamai ya ajiye ya tafi layin abinci. Angustias ta dubi ƙofa. Ta zare harsashin farko, ta sa nata. Ta ɗinke kuben, ta mayar da ɗamarar inda aka ajiye ta.

Ta san yadda za a yi, kwana uku tana jin ana maimaitawa. Mugu zai tsaya a barandar cocin katako, cocin da gaba kawai gare shi, bayansa sanduna. Jarumi zai tako tsakiyar titi. Darakta kuwa kullum ihunsa ɗaya: a saita ƙirji sosai, kyamara ba ta yafe wa mai kauce hannu.

Ba ta fita kallo ba. Ta zauna da carbi a cinya, ta buɗe baki za ta yi addu'a, ta rasa ta inda za ta kama. Ta ji an ce kowa ya yi shiru. Iska na kaɗa rumfar. Wani doki ya yi atishawa.

Ƙara ɗaya. Sai jim, sai faɗuwar jiki a kan kwalaye. Sai tafi ya ɓarke, darakta na ihun murna da harshensu.

Ta rufe ido. Ta jira zuciyarta ta yi fes, kamar ta mutumin da ke hawa doki ya tafi.

Aka ɗaga labulen rumfar. Baldomero ne, daga shi sai singileti, gwiwarsa naɗe da bandeji, taba a baki, fuskarsa cike da fara'a.

"Uwa, ba ki fito kin gani ba? Ni gwiwa ta hana ni faɗowa, sai na ba yaronki kwat ɗin. Ya roƙe ni kar in faɗa miki, amma irin wannan faɗuwa ba ta ɓoyuwa. Zo ki ga Eusebio, ja'irin, an gama ɗauka amma har yanzu ya ƙi tashi."