Awon Ido

"Ajiye almakashin nan, Inna, ki fara ɗaukar tef," in ji mai kula da jarrabawar, yarinyar da ba ta kai autarta ba.

Tun kafin a haifi yarinyar nan Inna take yankan yadi a kamfanin ɗinki, da ido kawai. Duk shugaban sashen da aka kawo da takardar makaranta, ita ta koya masa aiki. Yanzu kujerar shugaban sashen ba kowa, an ce sai mai satifiket. Bara ta faɗi jarrabawar don ta ƙi yin awo.

"Tef na 'yan koyo ne, 'yata," ta ce. "Amma tunda takarda nake so, zan yi muku wasan."

Ta ɗiga alli inda idonta ya nuna, sannan ta shimfiɗa tef don ta kunyata shi.

Awon idonta ya gaza da inci guda. Ta sake gwadawa, haka dai.

Sai ta tuna rigunan da ake ta dawowa da su kwanan nan, tana ɗora wa teloli laifi.

Ta goge allin da babban yatsa.

"Matso, Malama," ta ce. "Nuna min daga farko."