Ruwan Wankan Asabe

Tun da rijiyoyin Gangare suka ƙafe, famfon sabon masallaci kaɗai ke ba da ruwa. Kowa ya ɗora tafin hannunsa a kan na'urar famfon, in ta gane shi, sai ya samu kofi ɗaya na alwala, abin da ya zuba kuma ya gangara gindin itatuwan harabar.

Da hantsi Malam Jibo ya shigo da bokiti.

"Ladan, matata Asabe ta cika. Masu wanka suna jira."

"Allah Ya jiƙanta," in ji ladan, kansa a sunkuye. "Rabonta yana nan, Malam, amma famfon ba ya gane hannun da ya yi sanyi."

Malam Jibo ya ɗora nasa. Kofi ɗaya, ko gindin bokitin bai rufe ba. Ya tsaya yana kallon itatuwan nan kore shar. Shekara arba'in matar nan tana ɗebo masa ruwa.