Muryar Inna a Garke

Tun rasuwar Inna Tabawa, na'urar ciyarwa ce ke kiran dabbobinta kowace safiya, da muryarta sak. Haka kowace gona take yanzu. Watan jiya ma muryar ta kira sunan ɗan akuyan da aka haifa bayan an binne Inna.

Yau na'urar ta wayi gari shiru, ruwan sama ya shige ta. Lantana, autar Inna, ta zuba dusa da harawa da hannunta, ta watsa wa kaji tsaba. Dabbobin suka yi cirko-cirko suna kallon lasifika.

"Ba za su ci ba sai sun ji Inna," in ji yayanta Sallau. "Jira mai gyara."

"Sai jibi zai zo, Yaya. Ga Kyalla tana shayarwa."

Ta kwaikwayi muryar Inna, ko kunne ba su kaɗa ba. Haushi ya kama ta, ta buga kwano, ta yi magana da tata muryar.

"Kyalla, zo ki ci, ina da aiki."

Tsohuwar akuyar ta waiwayo, ta dube ta, ta taho. Sauran suka biyo ta, har kajin.

Sallau ya ɗaga waya. "In matsa wa mai gyaran?"

"Ce masa babu sauri."