Ƙofar Da Ta Ƙi Fashewa

Sara bakwai manoman ƙarshen kanal ɗin ban-ruwa suka yi wa ƙofar ruwan, gatari na dawowa kamar ya daki dutse. Kwana tara tumatirinsu bai sha ruwa ba.

Wata matashiyar injiniya kuwa tana tsaye gefen mahaifinta, tsohon da ke riƙe da makullin ƙofar, gabanta na faɗuwa, amma Allah na gani, har da ɗan alfahari. Ita ta tsara ƙofar nan. Shekara biyu tana gaban kwamfuta tana gwada ɓuntun shinkafa da zaren gilashi da gam, tun daga silin zare guda har ƙofar ɗungurungum. Nauyin ruwa, zafin rana, har saran gatari, duk ta lissafa.

Abu ɗaya ta manta, 'ya'yana. A ƙauyen nan na Bunkure, in rabon ruwa ya ɓaci, ƙofa ake fasawa. Katako ya tarwatse, ruwa ya wuce, zuciya ta huce, washegari a kira kafinta.

"Baba, buɗe mana," in ji mai gatarin, yana haki.

"Ba ranarku ba ce, ɗana. Sai Laraba."

"Laraba gawar tumatir za mu shayar?"

Ya ƙara sara, ƙofa ta ƙi. Sai ya juyo da gatarin kan tsohon.

Bayan an ɗauke gawar, ta durƙusa tana shafa ƙofar, tana neman tsaga ko guda. Ta share jinin da mayafinta. Ko ƙwarzane babu.