Tarun da Ke Zubar da Rabi

Ana zazzage kifi a kan jirgin bincike, ma'aikata na ta tafa hannu, tsohuwa mai saƙar taru kuwa sai ta zaro wuƙarta.

Shekara talatin tana saƙa tarun da ake auna yawan kifin tekun Norway da shi. Jirgin bai sauya ba, gudunsa bai sauya ba. Sai dai bakin tarun a ɗage yake, kifi na sulalewa ta ƙasa. Sabon kyaftin ya sa an ɗinke shi a ɓoye, kamun yau ya ninka na bara.

"Kifi ya dawo, tsohuwa!" in ji kyaftin. "Ki yi murna mana!"

"Daga hutu ya dawo? Kai wa hukuma wannan adadin, ta saki jiragen kamun kifi ɗari, baɗi ka kamo ruwa."

"Tarunki fa rabi yake zubarwa!"

"Na sani. Rabin da yake zubarwa tun kana goye, shi yake zubarwa yau. Shi ya sa ake yarda da shi wajen kwatanta bana da bara."

Ta durƙusa a kan ƙanƙara, ta farke ɗinkin kaf. Aka sake jefawa.

Taru ya taso kusan wayam. Babu wanda ya tafa. Ta miƙa wa kyaftin alƙalami.

"Wannan za ka rubuta."