Ledar Ƙasa a Aljihun Tebur

Tun da likita ta bugo waya ta ce a dawo da Naomi a sake ɗibar jininta, hankalin Malama Yolanda Pruitt bai kwanta ba. 'Yarta ke nan tilo, shekararta biyu.

Yolanda ce ke koyar da kimiyya a sakandaren unguwarmu a birnin Toledo. Babu ɗalibin da bai haddace takenta ba: "Kada ku zata, ku gwada." Ita ta nemo wa makaranta kangon filin da ke bayan ajinta, aka mai da shi lambu.

Dusar ƙanƙara na narkewa, ta sa ɗalibai suka ɗebi ƙasar wurin a leda don a aika gwaji. Da ta ji sakamako sai bayan mako uku, ta jefa ledar a aljihun tebur, wai lokacin shuka zai wuce.

Wata ɗaliba, Shanice, ta ɗaga hannu. "Malama, kakata fa ta ce tsofaffin gidaje aka rushe a nan, masu fentin da ke da gubar dalma."

"To ki ce wa Kaka ta zo ta karɓi ajin mana," in ji Yolanda. Aji ya kwashe da dariya. "Dubi ƙasa baƙa wuluk, me za ta yi mana?"

Lambu kam ya yi kyau, ba ƙarya. Duk Asabar in ta zo ban ruwa, takan zaunar da Naomi a gefen tumatir, yarinya na dama ƙasa tana kai hannu baki.

Yau ga su gaban likita.

"Dalmar da ke jininta ta yi yawa," in ji likita. "Gidanku tsoho ne?"

"Sabo ne."

"To a ina take wasa?"

Yolanda ta tuna da lambun. Can ta ce, "Likita, za ta warke?"

"Za mu hana abin ƙaruwa. Ɓarnar da ya riga ya yi a ƙwaƙwalwa kuwa, sai ta fara karatu za mu gani."

Ran Litinin aka rufe lambun, aka rubuta wa iyayen ɗalibai su kai 'ya'yansu gwaji. Yolanda ta jawo aljihun tebur. Ledar na nan yadda ta bar ta, da rubutun Shanice a jiki.

Jama'a, ido ba ya ganin gubar ƙasa. Ku gwada ta kafin yara su sa hannu, don jiran mako uku ya fi fargabar shekaru.